Ajin Da Aka Ƙwace Wa Malama

Kwana uku kacal Malama ta yi ba ta leƙa makaranta ba, shi ma kwas aka tura ta, ba yawon shaƙatawa ta tafi ba. Amma ranar Alhamis da ta sa ƙafa a ƙofar aji uku, sai da ta ja da baya ta ɗaga kai ta sake karanta lambar da ke saman ƙofar, don ta ɗauka ɓatan kai ta yi.

Ajin dai nata ne, sai dai an yi masa aika-aika.

Makarantar tasu irin wadda ake haɗa kowa da kowa ce a aji ɗaya, mai lafiya da mai larura. Yara arba'in da ɗaya gare ta, bakwai daga ciki sai da kulawa ta musamman. Tun farkon shekara ta jera bencinan a kewaye, domin wasu tagwaye kurame da ke ajin su riƙa ganin bakin duk wanda yake magana. Yau an miƙe bencinan layi-layi, kowa na kallon ƙeyar na gabansa. An raba tagwayen, wannan a kusurwar nan, waccan a kusurwar can, sun yi zuru-zuru da idanu.

Gwamna, yaron da ke kan keken guragu, wanda iya ba da umarni ya jawo masa sunan, an tura kekensa bayan ƙofa kusa da tsintsiya da bokiti. Likita kuwa, yaron da ba ya jure ƙara, wanda sai an raɗa masa saura minti biyu a kaɗa ƙararrawa don ya toshe kunnuwansa, yana ƙarƙashin benci a dunƙule, bayan hannunsa duk shatin haƙoransa.

A kujerarta kuma wani mutum ne ya harɗe, ga doguwar bulala kwance a kan rajista.

"Lafiya, baiwar Allah?" ya ce. "Idan yaro kika kawo, ofis yana can."

"Ajina na zo. Ai ni ya kamata in tambaye ka ko lafiya. Wa ya taɓa mini benci?"

"Au, ke ce wadda na gada? Sannu da zuwa. Ni na gyara zaman, na tarar da shi kamar wurin hira. Masu ƙoƙari gaba, sauran baya. Waɗannan bayin Allah kuwa ai rakiya suka zo, kada su hana masu karatu karatu."

A gaban yaran ya faɗa, ko rage murya bai yi ba. Gwamna ya sunkuyar da kai. Malama ta danne fushinta da ƙyar saboda idanu tamanin da biyu da ke kanta, ta juya ta nufi ofis.

Hedimasta dattijo ne mai gudun rigima, ko ƙuda ya faɗa masa a shayi shi zai ba ƙudan haƙuri. Yana ganin fuskarta ya hau laluben aljihun tebur.

"Malama, ai na ɗauka kin wuce sabon wurinki. Ga ta nan, ranar Litinin ta iso."

Takardar canjin wurin aiki ce, da hatimi da komai. An mayar da ita ofishin ilimi, sashen ajiye fayil, za ta fara ranar Litinin mai zuwa. A bayanta an maƙala wata takardar, wai roƙon da ita ta rubuta tana neman a ɗauke ta daga aji saboda shirin aure. Ta kai idonta ƙasa wurin sa hannu. Sunanta ne, amma hannun ba nata ba ne. Hannun Yayanta ne, wanda tun bayan rasuwar mahaifinsu shi yake sa mata hannu a sakamakon jarrabawa. Ko cikin barci aka tashe ta za ta gane shi.

"Wa ya kawo wannan?"

"Wanda zai aure ki mana, Injiniya. Da kansa ya zo, har na yi masa godiya, na ce ba kowa ke samun wurin nan ba."

"Ranka ya daɗe, shekara huɗu ina aiki a ƙarƙashinka. Ka taɓa jin na ce na gaji?"

Hedimasta ya sosa ƙeya, ya gyara tabarau, ya sake sosa ƙeya.

"To, a takarda dai har Litinin ajin nawa ne," ta ce. "A gaya wa mai bulalar can ya fitar mini da ita."

Haka ta koma, ita da yaran suka ja bencina suka mayar da su yadda suke. Ta durƙusa ta lallaɓo Likita daga maɓoyarsa, ta wanke masa hannu. Gwamna na komawa wurinsa na gaba ya soma nuna wa mutane inda za su ajiye jaka, kamar ba shi ne aka jingine da tsintsiya ba. Tagwayen suka riƙe mata gefen riga, ɗayar ta yi mata tambaya da maganar hannu: kin tafi ne?

Ina nan, ta ba ta amsa da hannu. Tana gama yi ta ji kunya ta kama ta, don ita kanta ba ta san ko gaskiya ta faɗa ba.

Ana tashi ta hango motar Injiniya a bakin ƙofar makaranta. Tagwayen suka riga ta ganinsa, suka buga yatsa biyu a wuyan hannu, sunan da suka raɗa masa ke nan saboda yawan duba agogo. Kullum abin yana ba ta dariya. Yau ko murmushi bai zo mata ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne a makarantar nan suka haɗu. An ba shi aikin ginin banɗakuna, ya zuba matakala uku a ƙofa, ta tare shi ta wanke shi tas, ta ce ya ɗauki Gwamna a bayansa ya hau da shi ta gani. Washegari ya fasa matakalar ya yi gangara, ya kuma dawo neman lambar wayarta. Shekara biyu ke nan, saura wata biyu biki, kuma ba ta taɓa son wani mahaluƙi kamar yadda take son mutumin nan ba.

Ya fito yana washe baki, ya buɗe mata ƙofa.

"Ranki ya daɗe, manyan ofis! Ina tukwicina?"

Ta ɗaga masa takardar. "Kai ka yi wannan?"

"Ba-zata na so in yi miki. Kin san wahalar da na sha? Sau biyar ina zuwa wurin mutanen nan. Ga fanka, ga kujera mai juyawa, ba ƙurar alli, ba ihun yara."

"Na ce maka ina son kujera mai juyawa? Ka je ka haɗa baki da Yayana an yi ƙarya da sunana, an kawo wani ya jefar mini da yaro bayan ƙofa kamar tsumma, sannan ka zo kana neman tukwici?"

Murmushinsa ya gushe. Ya waiga ya ga iyayen yara na kallonsu, ya rage murya.

"Shiga mota mu yi magana."

"A nan zan ji ta. Gaya mini gaskiya, Injiniya. Kai ba ka taɓa ƙorafi a kan aikina ba. Me ya faru?"

Ya juya makullin mota a hannu.

"Mahaifiyata ce, Hajiya. Tun da aka gaya mata irin yaran da kike koyarwa ta ɗaga hankalinta. Wai macen da ke wuni tana kallon irinsu, ranar da ta samu ciki abin da idonta ya saba gani shi za ta haifa. Ta ce ko ki bar ajin ko a fasa. Ga 'yar ƙanwarta can a gidanmu, tun watan jiya aka kawo ta, ke ma kin san ba hutu ta zo ba."

Malama ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

"Kai kuma da digirinka ka yarda? Uwar tagwayen nan kayan miya take sayarwa a kasuwa, wa ta kalla? Uwar Gwamna fa, a wane aji ta koyar?"

"Ni ban yarda ba, wallahi. Amma uwa ce. Lallaɓa ta nake yi don in same ki. Don ke na yi, ba ki gani ba?"

"Da don ni ka yi, da ni za ka fara tambaya."

Ta wuce shi ta tare motar haya. Yana kiranta ba ta waiga ba, don ba ta so ya ga hawayen da suka riga suka zubo.

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Ta tarar an zauna mata kamar kotu. Umma na gefen gado ta yi tagumi, Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, ta baje a tsakiyar ɗaki da mafici a hannu, Yaya kuwa ya baro shagonsa tsakar rana yana tsaye a bakin ƙofa ya cika ya yi fam.

"Ga ta nan, uwar marasa lafiya," in ji Gwaggo. "Auta, ashe haukan naki har ya kai ki tsaya a titi kina yi wa mijin da za ki aura tsawa?"

Malama ta dubi Yaya.

"Yaya, kai ka sa hannu a madadina?"

"Ni na sa. Gobe ma aka kawo wata zan sa. Ni na biya miki makarantar da kike taƙama da ita, don haka kada ki kalle ni da wannan idon."

"Ban manta ba, Yaya, kuma har in mutu ba zan manta ba. Amma ƙarya aka yi da sunana. Iyayen yaran nan gida-gida na bi ina roƙonsu su fito da 'ya'yansu, na ce musu ni zan riƙe. Yanzu za a ce musu ni na roƙa a raba ni da su."

"'Ya'yanki ne?" Gwaggo ta daka mata tsawa. "Ke kika haife su? Shekara ashirin da tara, na bayanki a dangi duk sun yi goyo, ke kina nan kina share majinar 'ya'yan wasu! Allah ya kawo miki mutum ɗan gidan mutunci, ga kyau ga abin hannu, za ki kore shi saboda benci. To ki kore shi! Mai shagon tayan can na bakin titi har jiya yana tambayarki, da haƙoransa uku a baki. Sai ki shirya."

"Gwaggo, ko ya fi haka muni, in bai yi mini ƙarya ba..."

"Rufe mini baki, marar kunya!"

Duk wannan bai karya mata zuciya ba sai da Umma ta yi magana. Umma ba ta iya faɗa ba, kuka ta iya, shi ya sa ba a cin nasara a kanta.

"Auta, zo nan." Ta kama hannunta ta zaunar da ita. "Ki rufa mini asiri. Na gaya wa dangi, na gaya wa maƙwabta, an ɗinka abin da za a ɗinka. Kullum na kwanta ke nake tunani, in na mutu wa zan bar wa ke? Yaran nan bayin Allah suna da iyayensu, gwamnati za ta ba su wani malamin. Ni fa ke kaɗai ce mace gare ni. Ba korar ki aka yi daga aiki ba, wuri kawai aka canza miki. Don Allah ki yi haƙuri ki karɓa."

"Umma, na ga wanda aka ba su. Da bulala ya zo." Kuka ya ƙwace mata. "Akwai yaron da wata biyar na yi kafin ya yarda ya kalli fuskata. Kwana uku na tafi, na dawo na same shi ya ciccije hannunsa har jini. Ina son Injiniya, Umma, Allah ya sani ina son sa, ji nake kamar ana yankan naman jikina. Amma ya zan yi in zauna ƙarƙashin fanka ina jera fayil, alhali na san abin da ake yi musu?"

Su biyun suka yi ta kuka, Gwaggo na fifita tana tsaki. A ƙarshe Yaya ya yanke hukunci.

"Injiniya ya ce zai zo bayan la'asar. Ki wanke fuskarki ki ba shi haƙuri. Idan kika ɓata maganar nan, ki nemi wani yayan."

Bayan la'asar ɗin kuwa ya zo, ya sha ƙananan kaya sai ƙamshi yake. Aka shigar da shi falo. Umma ta shiga kicin haɗa masa lemo a faranti, Malama ta zauna a kujerar da ta fi nisa da shi, idanunta sun kumbura.

Ganin ta haka ya sa jikinsa ya yi sanyi. Ya sauko daga kujera ya durƙusa a kan kafet.

"Malamata, na yi kuskure da ban gaya miki ba, na karɓa. Tsoro na ji kada ki ƙi. Ba na iya kallon kowace mace in ba ke ba. Yarinyar can da aka kawo gidanmu ko gaisuwarta ba na amsawa. Ki taimake ni mu tsallake wannan, bayan biki in hankalin Hajiya ya kwanta sai mu ga abin da za a yi."

Zuciyarta ta karye, don ta san ba ƙarya yake yi ba a nan. Saura kaɗan ta ce to. Har ta buɗe baki, sai wata tambaya ta riga amsar fitowa.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, in ka ba ni amsa zan je ofishin ranar Litinin."

Fuskarsa ta washe. "Ko goma ce yi."

"A ce na bar ajin. Ban ƙara kallon kurma ba, ban ƙara kallon gurgu ba, na zauna ina kallon fayil kamar yadda Hajiya take so. Sai Allah ya ba mu haihuwa, yaron ya zo kamar Likita, ko kamar Gwamna. Ya za ka yi da shi?"

"Haba, wace irin magana ce wannan? Allah ba zai kawo ba."

"Ya kawo wa waɗanda suka fi mu. In ya kawo fa?"

Ya koma kan kujera ya zauna. Ya yi tunani, irin tunanin da yake yi in an ba shi zanen gini, kuma da zuciya ɗaya ya ba da amsar, yana ganin ma ya kyauta.

"To ai muna da hali, alhamdulillahi. Sai in fitar masa da ɗaki a baya, mai banɗaki a ciki, a ɗauko mai raino. Ci da sha da magani, ba abin da zai rasa."

"Makaranta fa?"

"Wace makaranta kuma? Ai ba sai an yi ta yawo da shi gari ana nuna mu da baki ba. Mu bar abinmu a cikin gida, ba sai kowa ya sani ba. Ko Hajiya ma sai a san yadda za a gaya mata."

Malama ta san irin ɗakin nan. Ta shiga irinsa ya fi a ƙirga, ta san warinsa, ta san sakatarsa daga waje take. Ga wanda za ta aura yana zana wa ɗanta irinsa, har da banɗaki a ciki.

Hawayen suka tsaya cak.

"Na gode da ka gaya mini gaskiya," ta ce. "Ashe ba Hajiya kaɗai kake lallaɓawa ba. Tashi ka je, Injiniya. Ka gaya mata ta kwantar da hankalinta, na bar wa 'yar ƙanwarta."

Ya miƙe zumbur. Ya yi lallashi, ya yi rantsuwa, ya ce ba ta fahimce shi ba. Da ya ga ko ɗaga kai ba ta yi ba, sai muryarsa ta canza, ta koma wata iri da ba ta taɓa ji ba.

"Ki dai yi tunani. Ko kin rabu da ni, ajin nan ba naki ba ne. Takarda ta riga ta fita. Ni na sa aka buga ta, ni kaɗai zan iya sa a janye. Kada ki tashi ba ni ba aji."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Ta runtse ido, ta ga Litinin, ta ga bulala a kan rajista.

Labulen kicin ya ɗaga. Umma ce tsaye da farantin lemo. Allah kaɗai ya san tun yaushe take wurin.

"Umma, ki sa baki," ya ce da sauri. "Ki ji abin da take..."

"Na ji. Kai ma na ji ka." Ta dire farantin a kan tebur har lemon ya fantsalo. "Ɗan nan, jikan wa za ka fitar wa ɗaki a baya?"

"Umma, misali ne kawai..."

"Jikana? Jinina? Ka kulle shi da mai raino don kada a nuna ku da baki? Tun rana nake sa yarinyar nan kuka saboda kai, ashe ni ce ban san abin da nake roƙa mata ba!"

Gwaggo da Yaya suka faɗo falon a guje. Yaya ya buɗe baki zai yi magana, Umma ta nuna shi da yatsa, matar da tunda suka taso ba su taɓa jin ta ɗaga murya ba.

"Kai kuma, da hannunka ka rubuta, da bakinka za ka warware. Gobe da safe ni da kai da ita za mu je ofishin nan, ka tsaya a gaban masu hatimi ka ce ƙarya ka yi."

"Umma, kin san kuwa abin da kike faɗa? Kama ni za su iya yi fa!"

"Su kama. Zan kai maka abinci." Ta juya ta dubi Injiniya, wanda ya sandare da makulli a hannu. "Kai kuma raɓa ka ba ni hanya, ka tsaya mini a kan kafet da takalmi."